Tsohon soja da zugin jijiya daga ƙugu zuwa ƙafa: ina mafita?

Tsohon Saje, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwana 'yan mazan jiya da kuma ma'aikatan lafiya. Na yi aikin soja a ɓangaren igwa, na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga baya na yi zama a barikin Shadawanka, kuma a nan Bauchi na ajiye aiki. Ciwon baya tun ina cikin kaki nake tare da shi, domin duk wanda ya yi shekaru yana ɗaga akwatunan harsasai, yana kwana a rami, yana shan jijjiga a bayan babbar mota, da wuya bayansa ya tsira. Amma a 'yan shekarun nan ciwon ya sauya kama. Yanzu ƙafar hagu ce ta fi damuna: zugi yana tasowa daga ƙugu, ya ratsa ɗuwawu, ya bi cinya ya gangara har babban yatsa, wani lokaci kuma ya fizge ni kamar wutar lantarki, musamman idan na yi tari ko atishawa. Idan na kama hanyar masallaci, kafin in isa ƙafar ta yi nauyi ta sage, sai na zauna ko na ɗan sunkuya kafin ta sake ni.

An yi mini hoton ƙashi, likita ya ce akwai zaizayewa a ƙashin baya na ƙasa, ya kuma rubuta mini hoton MRI, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin fanshona. A halin yanzu diclofenac nake sha kullum, sannan wani mai kemis ya haɗa mini da tramadol, wanda da farko ya sama mini barci, amma yanzu sai na ƙara adadi yake yi mini aiki.

Abin da nake so in sani shi ne, shin tiyata ce kaɗai mafita? Ana ta tsorata ni cewa wanda aka taɓa wa laka ba ya sake taka ƙasa. Sannan ruku'u da sujada sun zame mini wahala, kuma ina jin nauyin zama a kujera a cikin sahu alhali waɗanda suka girme ni suna tsaye.

Mai gashin ƙashi, Gombe

Wa alaikumus salam, Baba Saje. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ba zan iya yanke hukunci a kan ciwon da ban duba ba, amma bayanin da ka yi ya yi daidai da matsewar jijiya a ƙashin baya na ƙasa. A wannan wuri akwai gaɓoɓin ƙashi 5, tsakanin kowanne biyu akwai faifan guringuntsi, kuma ta gefensu jijiyoyin da ke zuwa ƙafa suke fitowa. Idan faifan ya kumburo ko ya fashe, ko kuma hanyar da jijiyar ke bi ta tsuke saboda zaizayewa, sai jijiyar ta matsu, mutum ya riƙa jin zugi a ƙafa alhali asalin matsalar tana baya. An fi samun haka a tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5, da kuma tsakanin ta 5 da ƙashin da ke ƙasanta. Sauƙin da kake samu idan ka sunkuya yana nuna alamar tsukewar hanyar, domin sunkuyawa tana ɗan buɗe ta.

Game da tsoron tiyata, akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne a wajen gaɓa ta 1 zuwa ta 2 ta ƙashin bayan ƙasa, daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne kawai suke sauka. Saboda haka aikin da ake yi a gaɓa ta 4 da ta 5 ba a kan lakar kanta ake yin sa ba. Wannan bai sa ya zama aiki marar haɗari ba, amma maganar cewa duk wanda aka yi wa ya gurgunce ba gaskiya ba ce. Kuma ba kowa ne yake buƙatarta ba. Ana fara gwada magani da motsa jiki na tsari, sai idan sun gaza ko ƙafa ta fara rauni. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya ko faifai, shi ya sa likita ya nemi MRI. Idan akwai ɓarɓashin bam ko harsashi a jikinka, lallai ka faɗa musu kafin ka shiga na'urar, domin da maganaɗisu mai ƙarfi take aiki.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne magungunan da kake sha. Diclofenac na kullum a shekarunka yana iya jawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda, ya tayar da hawan jini. Tramadol kuwa, ƙara adadin da ka ce kana yi shi ne alamar jiki ya fara sabawa. Mai ƙarfin miligram 50 da 100 ne aka amince da shi a Nijeriya, mai 225 da ke yawo a kasuwa haramtacce ne, kuma yawansa yana haddasa farfaɗiya. Kada ka yanke shi rana ɗaya, ka gaya wa likita gaskiyar adadin da kake sha ya rage maka sannu a hankali. Akwai magungunan da ake bayarwa domin zugin jijiya, irin su amitriptyline, gabapentin da pregabalin, sai dai ba kowa suke yi wa aiki ba, har ma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna pregabalin bai rage irin wannan zugin ƙafar ba. Haɗa amitriptyline da tramadol kuma yana da haɗari, don haka ba abin da za a saya a kemis a gwada ba ne.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ƙarfafa motsa jiki da ilmantar da majiyyaci, ta kuma ce kada a dogara da bel na ɗaure ƙugu ko magunguna dangin tramadol. Ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, kana hutawa kafin ƙafar ta sage, kada ka jira sai ta kayar da kai.

Amma idan fitsari ya ƙi fita, ko ya fara zuba ba da saninka ba, ko bahaya ya kuɓuce maka, ko matsematsinka ya mutu har ba ka jin ruwa idan kana tsarki, ko tafin ƙafa ya fara ja da ƙasa, to, a ranar za a kai ka asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka nan idan akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, a bincika tarin fuka na ƙashin baya, domin muna ganin sa a nan. A kuma auna maka suga.

Samanja mai ritaya, Gombe

Ɗan'uwa, na san wannan ciwo, kuma ni an yi mini aikin. Na yi Saliyo, na yi Darfur, na ƙarasa a Barno lokacin Lafiya Dole, wato aikin yaƙi da Boko Haram, inda sulke da hular kwano da bindiga suke jikin mutum tun asuba har dare. Mu an horar da mu a kan cewa soja ba ya kukan ciwo, kuma a filin daga wannan horo ya yi mana rana. Amma jijiyar da ƙashi ya danne ba ta san juriya ba. Na yi ta cijewa har sai da silifas ya fara zamewa daga ƙafata ban ji ba, na riƙa tuntuɓe a kan dandaɓe saboda yatsuna ba sa ɗaguwa.

Bayan aikin, zugin ƙafa ya tafi kusan gaba ɗaya, na koma ina barci. Ciwon bayan kansa yana nan, sai dai ya yi sauƙi, kuma gefen ƙafata har yau a sage yake, domin likita ya ce jijiyar ta daɗe a danne. Tun kafin a shiga da ni ya gaya mini cewa aikin ya fi maganin ciwon ƙafa a kan na baya, kuma haka na gani. Saboda haka ina ɗan saɓa wa mai gashin ƙashi a wuri guda: motsa jiki yana da amfani, amma kada ya zama dalilin ɗage hoton da aka rubuta maka. Sai an ga abin da ke ciki za a san irin motsin da ya dace da kai.

Batun kuɗi kuma, ka bincika rajistarka da DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya. Ka fara daga asibitin da aka yi maka rajista, su ba ka takardar turawa da lambar amincewa, sannan ka tambaya a rubuce me inshorar take ɗauka, me za ka biya da kanka. Ka riƙe kofin kowace takarda. Kuna da asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, mu muna da na tarayya a Gombe, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, akwai kuma asibitin soja na 44 a Kaduna. Idan takardu sun yi maka yawa, ka je ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, ba za ka rasa wanda ya riga ka bin hanyar ba.

Matar tsohon soja, Azare

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni zan yi magana ne a matsayin wadda take jinya, domin maigidana yana fama da irin wannan. Da ciwon ya tsananta an kawo wanzami ya yi masa ƙaho, aka kuma yi masa sakiya a ƙugu. Ƙahon ya ɗan sassauta masa tsamin jiki na kwana kaɗan, sakiyar kuwa gyambo ta bar masa wanda ya daɗe bai warke ba, saboda ashe yana da suga. Daga nan wani ya kawo masa ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwali. Ya ji daɗinsu ƙwarai, amma sai fuskarsa ta kumbura, sugansa ya hau, kuma a asibiti aka gano akwai dexamethasone a ciki, wani magani mai ƙarfi da ke jawo irin wannan illa idan an daɗe ana sha. Ina roƙon iyalinka kada su bar maganin da ba shi da suna ya shigo gidan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dare. Idan zugi ya hana shi barci, abubuwan da ya gani a filin daga sukan dawo masa, gari ya waye yana faɗa da kowa, har jikoki suka fara gudunsa. Sai da aka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, barcinsa ya daidaita, sannan shi da kansa ya ce zugin ya ragu. Yanzu a gefe yake kwanciya da matashi a tsakanin gwiwoyinsa, mun sa masa kujera mai rami a banɗaki don kada ya tsuguna, kuma ya daina hawa acaɓa a hanya mai gargada.

Ɗalibin ilmi, Bauchi

Baba, game da salla, addini ya riga ya yi maka sauƙi. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, wanda shi ma rashin lafiya ce ta sa ya yi tambaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Idan tsayuwa ba ta gagare ka ba, ka yi kabbara da karatu a tsaye, sannan ka zauna ka yi nuni a ruku'u da sujada, ka sa na sujada ya fi ƙasa. Shekarun na kusa da kai a sahu ba su ne ma'auni ba, halin jikinka ne.

Tsohon Saje, Bauchi

Na gode, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Fitsari da bahaya lafiya lau suke, amma maganar Samanja ta sa na gwada tafiya a kan dunduniya, sai na ga yatsun hagu ba sa ɗaguwa kamar na dama. Saboda haka ranar Litinin, in Allah ya yarda, babban ɗana zai raka ni wurin likita, zan tafi da duk kwalayen magungunan da nake sha, har da tramadol ɗin, in faɗi adadin yadda yake. Akwai kuma ɗan ƙarfe a kafaɗata tun Laberiya, zan ambata shi. Samanja, ina da sauran tambaya gare ka: lambar amincewar da ka ce, asibiti ne yake nemo ta, ko kuwa ni ne zan bi ta da kaina?