Abokina na kwayar coci ne yake jana zuwa caca, ya zan yi?

Salama gare ku iyayena da yayyena na wannan zumunta. Dan Allah ina neman shawara, kar a tambayi sunana. Shekarata 17, ina aji biyu a SHS (babbar sakandare), yanzu muna hutu ina gida a Asawase, cikin Kumasi a Ghana. Akwai abokina tun muna yara, tare muke zuwa sujada tare muke waƙa a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, shi ya koya min cacar ƙwallo a waya, ya buɗe asusu a manhajar caca da sunan yayansa tunda mu ba mu kai 18 ba. Da sidi 5 na fara, na ci 40, daga nan ban sake samun kwanciyar hankali ba. Ran Lahadin da ta wuce Mama ta ba ni sidi 20 na baiko, kwano ya zo gabana na sa hannu kamar na saka alhali kuɗin na cikin safata, da yamma na sa su a wasan Ingila suka tafi. Na yi addu'a na yi kuka amma da ya kira ni sai in tashi in bi shi. In rabu da shi ne? Ba ni da wani aboki kamarsa, kuma iyayenmu sun san juna.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo: Ɗana, sannu da ƙoƙarin faɗa, wanda ya ɓoye ciwonsa ai shi ke wahala. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne Mamanka. In tana cikin mu masu kasa kaya a kasuwar Kejetia to na san yadda sidi 20 ke fitowa, rana ce ke dukan mutum tun safe. Ka je ka gaya mata da bakinka, za ta yi faɗa, ƙila ta yi kuka, amma uwa ba ta yar da ɗanta. Gara ta ji daga gare ka da ta ji a bakin unguwa.

Wani yayanka daga Tafo: Ƙanena ni na bi wannan hanyar, nawa ma ya wuce caca ya kai ga tramadol, kuma ba ɗan iskan titi ne ya fara ba ni ba, wanda muke zama benci ɗaya a coci ne. Wanda ya fara jan kunnena kuwa maƙwabcinmu ne Musulmi, telan da nake zama a shagonsa, ya ce min idona ya canza. To kar rigar kwaya ta ruɗe ka, ka duba ina mutum yake kai ƙafarka bayan an tashi sujada. Ba na ce ka yi gaba da shi ba, ku gaisa, ku yi waƙarku, amma zaman ku biyu da waya a hannu ka yanke shi yau ɗin nan. Ka goge manhajar, kuma kuɗin kashewarka kar su kwana a MoMo, asusun kuɗi na waya, ka ba Mama ta riƙe maka. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya gardama da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya gudu.

Malamar Makarantar Lahadi: Ka karanta 1 Korintiyawa 10:13, Allah ba ya barin gwaji ya fi ƙarfinmu, yana buɗe mafita. Sau da yawa mafitar nan mutum ce. In kun koma makaranta ka nemi 'yan Scripture Union, ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki, za ka samu sa'anninka. Shi ma abokin naka yaro ne, yana bukatar a kama hannunsa, ka bari shugaban matasa ya zauna da ku ku biyu.

Yayanka daga Tafo: Anti, da girmamawa, shi mai tambayar ya fara fita tukuna. Wanda ruwa ke ci ba ya ceton wani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na goge manhajar. Ya kira ni sau uku ban ɗauka ba, hannuna har rawa yake. Mama tana dawowa kasuwa wajen ƙarfe 7, ina nan zaune a ƙofar ɗaki ina jiranta, ku sa ni a addu'a.