Na kasa gama rubutun Alƙur'anina, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haddace izu sittin a tsangaya, ruwayar Warshu. Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni gabas, ya sayar da tumakinsa ya saya min takarda don in rubuta Alƙur'ani da ka kamar yadda kakanmu ya yi, har ya gaya wa surukaina sai na gama za a sa rana. Har yanzu ban wuce Suratul Ma'ida ba. In na gama shafi, na sa wasali da jar tawada, na ɗiga hamza da rawaya, sai in ga jelar wani wawu ta ɗara ta 'yan uwanta. Sai in ƙona shafin in sake. Barci ya gagare ni. Yaushe ake cewa rubutu ya kai kamala?

Gardin Gabas: Wa alaikumus salam. Ɗana, waswasi ne wannan, kuma Shaiɗan ne ke maka. Kuskure a mus'hafi shi ne ƙarin harafi, ko raginsa, ko canjin wasali. Tsayin jela ba ya ciki. Kamala ta Allah ce, kai kyautatawa aka nema a wajenka. Gobe ka wuce gaba.

Uwar Hafizai: Ni dai na gaji da masu "wuce kawai". Ɗana ya je musabaƙa, maddi ɗaya ya taƙaita aka zabge masa maki, malaminsa kuma ya ce ba komai. Kuɗin makarantar kuwa ba su taɓa ragewa ba. Malam, kada ka sassauta.

Gardin Gabas: Hajiya, tajwidi daban, kyan hannu daban. Mus'hafin Madina ma, Usman Ɗaha ne ya rubuta, amma kwamitin malamai ne ke bibiya. Kai wa ya duba naka?

Mai tambaya: Ba wanda na nuna wa, Alaramma. Ba zan kai abin kunya gaban gwanaye ba. Kuma da girmamawa, na kakanmu yana hannuna, layukansa kamar an ja da zare. Littafin Allah ne fa.

Mai Ɗinkin Hula: Na kakan naku na nawa ne a rubutunsa? Hannu sai da yawan aiki yake faɗawa. Ni dai yarinyar nake tausayi.

Gardin Gabas: Shi ke nan abin da nake faɗa. Ka kai wa gwani izu ɗaya ya yi maka hukunci.

Uwar Hafizai: In gwanin ya ce ya yi, shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba fa?

Mai tambaya: Na gode duka, amma ba ku ga shafukan ba ne. Akwai wanda ya san inda ake samun takarda mai kauri a Kurmi? Tawa ta kusa ƙarewa.