Hitar ruwan wanka tana yoyo, gyara ko sauyawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Hitar banɗaki mai lita 50 tana ɗigar ruwa ta ƙasa. Daga ina ake farawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara kashe wutarta daga babban makunni, sannan ka rufe famfon da ke kai mata ruwan sanyi. Goge jikinta ya bushe sarai, ka bi da busasshen tsumma ka gano inda ruwan ke fitowa. In mahaɗar bututu ce, kwance ta, naɗa farin tef na masu aikin famfo a bakin bututun inda ake murɗawa, ka ɗaure da sifana. Kada ka matse fiye da kima.

Amsa ta 2: Duba bawul ɗin rage matsi, wato ƙaramar mafitar da ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa a cikin tankin. Ɗan ɗigo lokacin da ruwa ke zafi ba laifi ba ne, ruwa ne ke kumbura. In kuwa yana zuba ba tsayawa, ƙasa ta maƙale a ciki ko ya mutu, sai sabo. Ko kusa kada a toshe bakinsa, tankin na iya fashewa. Saita zafin a digiri 60.

Amsa ta 3: Robar da ke zagaye da ƙarfen dumama ruwan ma tana taurara, a zubar da ruwan tankin a sauya ta. Amma in jikin tankin ne tsatsa ta huda, faci ba ya riƙewa, sai sabuwar hita. Kuma kada a kunna wuta sai tankin ya cika, ƙarfen zai ƙone.