Muhawara: ƙarin garanti a kan kwamfuta ta hannu, kariya ce ko zubar da kuɗi?

Ɗalibi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina shirin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka domin rubuta binciken kammala digiri, kuma na samu Dell Latitude wadda mai shago ya ce kamfani ne ya sabunta ta. Kuɗinta naira 320,000 da garantin wata uku, amma ya ce idan na ƙara naira 40,000 zai rubuta mini garantin shekara guda. Wani abokina ya dage cewa ƙarin garanti a kan kwamfuta ta hannu zubar da kuɗi ne. Ina neman shawararku kafin in biya.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina tare da abokinka, kuma abin da nake gani a kan teburina kullum ne hujjata. Abubuwan da suka fi kashe kwamfuta a wajenmu su ne batir da ya gaji, da wutar janareta da ta zo da ƙarfi ta ƙona caja ko madabod (babban allon da ke haɗa dukkan sassan cikin kwamfuta), da ruwan shayi da ya zube a kan madannai, da faɗuwa. Ɗauki takardar garantin ka karanta ta a tsanake, za ka tarar kusan duk waɗannan an cire su daga cikin alkawarin. Ga kuma ƙura: idan na buɗe kwamfuta bayan hunturu, nakan ciro curin ƙura daga bakin fanka kamar audugar katifa, kuma ita ce ke sa inji ya yi zafi har ya kashe kansa. Masu shago da yawa suna manna 'yar takarda a kan ƙusar bayan kwamfuta, wadda da zarar ta yage garanti ya tashi, ma'ana ko share maka fanka ba zan iya yi ba sai ka yi asarar abin da ka biya.

Malamar makaranta: Injiniya, ina ganin girmanka, amma ban yarda da kai ba. Da kuɗin adashe na sayi HP EliteBook, na kuma biya ƙarin garanti duk da cewa maigidana ya so in bar shi. A wata na bakwai ina tsakiyar shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai ta ɗauke ɗif, ko 'yar fitilar caji ba ta kamawa. Mai shagon ya duba rasit, ya riƙe ta kwana tara, ya sauya madabod ban ba shi ko sisi ba. Wanda yake da halin sayen wata gobe yana iya yin kasada, amma wanda ya tara kuɗinsa da kyar, kwanciyar hankalinsa ma abin saye ne.

Ɗan kasuwa mai shigo da kwamfutoci: Kafin a ci gaba, akwai kalmar da ya kamata a warware, wato cewar kamfani ne ya sabunta ta. Sabuntawar kamfani ta gaskiya ita ce irin wadda Apple ke yi, inda yake gwada na'urar, ya sauya abin da ya lalace, ya sayar da ita da garantin shekara guda kamar sabuwa. Galibin Latitude da EliteBook da ThinkPad da muke kawowa ba haka suke ba. Kwamfutocin ofisoshin Amurka da Ingila ne da aka yi aiki da su shekara uku ko huɗu aka sallame su, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sannan su hauro Arewa, a goge su a sa musu Windows. Yarona, juya kwamfutar za ka ga lambar shaidarta a ƙasa. Shigar da ita a shafin Dell zai nuna maka ranar da garantin kamfani ya ƙare. Saboda haka garantin da ake sayar maka ba na Dell ba ne, maganar mai shago ce. Sai dai Injiniya, kada ka mayar da mu duka mayaudara. Wanda ke da kayan gyara a ajiye, kuma yake tsoron zubewar sunansa a kasuwa, yana cika alkawari.

Mai gyaran kwamfuta: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban kira kowa mayaudari ba. Amma makon jiya wata baiwar Allah ta zo mini da takardar garanti mai hatimi biyu, saura wata biyar ta ƙare, ta je shagon ta tarar ya koma wurin sayar da takalma. Wa za ta kama?

Malamin Islamiyya: Bari in sa baki ta fuskar shari'a, domin ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Idan kaya yana da aibi tun kafin ciniki kuma mai saye bai san da shi ba, yana da haƙƙin mayar da shi, wannan shi ne khiyarul aibi, kuma ba a sayen sa da kuɗi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma biyan kuɗi na daban domin lalacewar da ba a san za ta auku ko ba za ta auku ba, a nan malaman zamani suka yi saɓani, saboda wasu suna ganin akwai garari a ciki, wato rashin tabbas a kan abin da aka biya wa kuɗi, kamar na inshora. Da yawa daga cikinsu sun sassauta idan mai sayarwar ne da kansa ya ɗauki alkawarin kuma aka ƙulla shi tare da cinikin. Don haka ɗana, idan za ka karɓa, ku yi ciniki ɗaya a kan naira 360,000 da sharaɗin gyara na shekara guda.

Malamar makaranta: Allah ya gafarta Malam, haƙƙin mayar da kaya yana nan, amma bayan wata shida wa zai tabbatar cewa aibin tsoho ne? Mai shago zai ce wutar gidanka ce ta ƙona ta. Takardar ita ce ke raba wannan gardama.

Mai gyaran kwamfuta: Akwai abin da babu garantin da zai magance shi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan furosesan Intel (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) da suka girmi zubi na 8, tana kuma buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfuta mai zubi na 6 tana iya yin shekara lafiya lau, alhali an bar ta a baya ta fuskar tsaro. Ƙanena, duba wannan tukuna, sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar ba da umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport a gaban mai shagon, zai nuna maka ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da abin da ya rage masa yanzu.

Ɗalibi: Na koma shagon yau da safe na yi duk abin da kuka ce. Furosesan zubi na 8 ne, garantin Dell ya daɗe da ƙarewa, batirin kuwa bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa na asali ba. Mai shagon ya ƙi saka batir a cikin garanti, amma ya yarda ya rubuta madabod da sikirin da madannai, kuma ya ce in riƙa kawo ta yana share fankar da kansa.

Mai gyaran kwamfuta: Da ni ne, da naira 40,000 ɗin sabon batir zan saya, domin shi ne na tabbata zai ba ka matsala kafin ka gama rubutunka.

Ɗan kasuwa mai shigo da kwamfutoci: Batir kana iya sauya shi duk ranar da ka samu kuɗi, madabod kuwa in ya tafi ya tafi da rabin kuɗin kwamfutar. Yarona, idan ka yanke shawarar biya, ka tambayi makwabtan shagon shekara nawa ya yi a wurin, ka sa ya rubuta lambar kwamfutar a kan rasit, da adadin kwanakin da gyara zai ɗauka, da cewa zai ba ka wata ka riƙe idan ya wuce wa'adin.