Fulawa na iya jawo wa mutum asma?

Baban Sadiq: Salamu alaikum. Shekarata shida ina kwaɓi a wani gidan burodi a Kurna, ni ke juye buhunan fulawa cikin inji tun ƙarfe uku na dare. Da farko atishawa ce da majina, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, na ɗauka murar hunturu ce. Bana abin ya sauko ƙirji, in na kwanta sai in ji kamar ana busa usur a ciki. Da Sallah na yi kwana tara a Ɗambatta, ko tari ban yi ba. Kwana biyu da komawa aiki ya dawo. Mai kemis ya ba ni abin shaƙa, yana lafawa ya sake tasowa. A danginmu ba mai asma.

Ɗan Fagge: Malam, hayaƙin itacen gashi ne da sanyin asuba. Ka sha zuma da citta.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, zuma ba ta buɗe hanyar iska. Baban Sadiq, wannan sauƙin da ka samu a ƙauye, shi za ka fara gaya wa likita. Garin alkama da hodar da kuke zubawa don burodi ya yi laushi suna cikin abubuwan da aka fi sani da jawo asma a wurin aiki, kuma sai mutum ya shekara da shekaru lafiya lau kafin jiki ya fara ƙin su. Hanci da ido kan riga ƙirji.

Za a duba kakinka saboda tibi, sannan ka busa na'urar auna huhu kafin shaƙar magani da bayanta. Ka nemi ƙaramar ta gida, fik filo. Ka busa aƙalla sau 4 a rana har mako 4, ka rubuta lambar da lokacin, ranakun aiki da na hutu duka. Akwai kuma gwajin fata ko na jini, don a ga ko fulawar ce jikinka yake ƙi. Kada ka bar aikin kafin a auna ka, in ka daɗe a gida sakamakon na iya fitowa kamar ba komai. Amma in numfashi ya hana ka magana, asibiti a daren.

Alhaji Mai Gashi: Yaro, ka daina kaɗa buhu bayan ka juye, nan ƙurar take. Takunkumin yadi kuwa ba ya tare ta.

Baban Sadiq: Na gode Anti, Allah ya saka. Matsalar, hutunmu Juma'a ce kaɗai. Rana ɗaya ta isa a ga bambanci, ko in roƙi maigida mako guda?