Yaya ake yi wa kamfanin da bai samu kwangila ba bayani ba tare da an tona sirrin wanda ya samu ba?

Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen bayar da kwangila na wata hukumar gwamnati, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni gogewa.

Mun kammala tantance takardun neman kwangilar wani aiki da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyinsa, muka aika wa kowa sanarwar wanda muke da niyyar ba wa. Bisa ƙa'idojin bankin na 2016, ana dakatawa kwanakin aiki 10 kafin a sa hannu, wanda bai samu ba yana da kwanakin aiki 3 ya nemi bayani a rubuce, mu kuma mu amsa cikin kwanakin aiki 5.

Wani kamfani ya nema a kan lokaci. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi, amma an cire shi domin injiniyan da ya gabatar bai cika shekarun gogewar da aka gindaya ba. Yanzu ya kafe sai mun ajiye takardunsa kusa da na wanda ya samu, an kwatanta su shafi bayan shafi, alhali ƙa'idojin sun hana irin wannan kwatanci. Na fahimci ɓacin ransa, domin ya kashe kuɗi da lokaci, kuma ba na so ya tafi da zargin an yi masa rufa-rufa.

Wane irin bayani ne zai gamsar da shi ba tare da mun keta doka ba? Shin ya fi dacewa mu zauna da shi baki da baki, tare da mai rubuta abin da aka tattauna, ko mu tsaya a kan wasiƙa kawai? Kwana 2 suka rage mana.