Shawarwari Kan Rubuta Tarihin Baka Na Waɗanda Ba A Tambaya

A wani zama da ɗalibai da marubuta suka yi a Sakkwato, an amince cewa tarihin Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello yana nan a rubuce, amma na majema, makafi, kutaren Amanawa (wani gari kusa da Sakkwato mai asibitin kutare), jikokin bayi da 'yan gudun hijirar Sabon Birni da Isa yana cikin bakin masu shi, kuma tsofaffi suna ta ƙarewa.

An fi daɗewa kan izini. Kada a kunna rikoda sai an gaya wa mutum inda maganarsa za ta je. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya, musamman zuriyar bayi, domin magana ɗaya tana iya hana jikarsa aure. Idan an rubuta, a koma a karanta masa kafin a buga. Ni wannan ta fi kama ni, don yawancinsu ba za su iya karanta boko su yi gyara ba.

A bar mace ta yi hira da mata a cikin gida. An kawo misalin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954.

A bar Sakkwatanci yadda ya fito daga baki, kada a mai da shi Kananci. A je da goro, amma kada a saye labari da kuɗi. Kwafin muryar kuwa a ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, iyalin mai maganar ma a ba su nasu.